Shekarar da Aka Gwada Kuzar Baba

Na san shekaruna ba su kai na mai rubuta tarihin rayuwarsa ba. Ko furfura ɗaya ban yi ba, kuma ke Hauwa'u, 'yata, da nake rubuta wannan babi dominki, ba ki ma fara tafiya ba. Abin da ya sa na gaggauta shi ne wata magana da ke yawo a Riruwai, wadda na tabbata za ta riga ni isa kunnenki, ke da 'ya'yan yayana Sani, idan na tsaya jiran tsufa. Ana cewa wai kakanku, Malam Isiyaku, ya taɓa aika wa ɗansa kuzar jabu zuwa ƙasar Turawa, aka gwada ta aka gano. Wannan magana ƙarya ce daga farkonta har ƙarshenta. Sai dai ba maƙiyi ne ya ƙirƙire ta ba. Daga bakina ta fito, ni ɗan cikinsa, da rana tsaka, a kunnen mutane.

Baba mai wankin kuza ne, kamar yadda mahaifinsa ya kasance. Kuza ita ce baƙin yashin nan mai nauyi da ake haƙowa a duwatsunmu, a kai rafi a wanke da ƙwarya, ƙasa ta bi ruwa, ita kuwa ta kwanta a gindi. Bai tara dukiya a wannan sana'a ba. Gidanmu na ƙasa ne, awakinmu ba su taɓa wuce shida ba. Abin da ya mallaka suna ne. A rumfar Alhaji Mamuda mai sikeli, inda ake sayar da kuza, duk wanda ya kawo kaya sai an shimfiɗa su a kan faranti an bi su da maganaɗisu, wanda mutanenmu suka fi sani da mayen ƙarfe. Dalili kuwa shi ne, kuza ta gari ba ta bin mayen ƙarfe. Duk abin da ya manne masa ana ɗaukarsa gauraye ne, a cire shi kafin a auna. Mutum ɗaya ne kaɗai a garin ba a yi wa haka. Tun kafin a haife ni, buhun Baba daga kansa sai kan sikeli, babu faranti a tsakani. Har laƙabi aka yi masa da wannan, ana kiransa Isiyaku Ba-Gwaji, kuma na sha ganin yadda yake sunkuyar da kai idan an kira shi haka, irin sunkuyawar mai jin daɗin da ba ya so a gani.

Ni kuwa ban san komai game da wannan aiki ba, kuma wajibi ne ku fahimci haka, domin a nan tushen kuskuren yake. Ina ɗan shekara bakwai kawuna, wanda yake malamin firamare ne a Bebeji, ya ɗauke ni domin karatu. Riruwai sai da hutu. Ko da hutun ma, duk ranar da na bi su rafi na miƙa hannu zan ɗauki ƙwarya, Baba yakan janye ta.

"Wannan hannu na alƙalami ne," yakan ce. "Bar mana ruwan."

Yaya Sani, wanda shi ya tsaya a gida yana aiki tare da Baba, yakan ƙara da nasa.

"To Furofesa, a koma inuwa, kada rana ta narkar mana da bokon."

Nakan koma inuwar kuwa, da littafina. Ba zan ɓoye muku ba, ina jin daɗin korar. Na sha ganin Baba zaune a zaure da safe, faranti a gabansa, da wani zagayayyen ƙarfe da aka ciro daga tsohuwar lasifika, naɗe cikin tsumma, yana shafa shi a hankali a kan kuza. Ban taɓa tsugunawa na tambaye shi abin da yake yi ba. A zatona guntayen shebur da ƙusoshi yake tsincewa.

Na gama digiri na farko a fannin fiziks, na shiga na biyu, ina neman abin da zan yi bincike a kansa. A wani hutu, babu kowa a gida sai ni, na zagaya bayan turken awaki sai na ga wani tsohon buhu jingine da katanga, ya kusa cika da baƙin yashi. Na ce a raina, ga kuzar raminmu an ajiye. Na ɗebi cikin wata 'yar kwalba na tafi da ita jami'a, ba tare da na faɗa wa kowa ba. A ɗakin gwaji muka tabbatar cewa kuza ce, babu shakka. Amma da aka kusanto da maganaɗisu, sai ƙwayoyinta suka miƙe suka manne masa. Malamin da ke duba aikina ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake dubawa. Ya ce littattafai sun ambaci irin wannan kuza, wadda wasu ƙananan ƙwayoyin baƙin ƙarfe suka ɓuya a cikinta tun lokacin da dutsen yake narke, amma shi bai taɓa riƙe ta a hannu ba. Ya tambaye ni ko duk kuzar raminmu haka take. Na ce masa haka take. Na faɗa da cikakken tabbaci, ni da ban taɓa shiga ramin ba.

Domin a ga yadda waɗannan ɓoyayyun ƙwayoyi suka jeru, ana bukatar wani abu da ake kira niyutiron. Zan bayyana shi a taƙaice. Niyutiron wani ɗan mitsitsin abu ne da ke cikin zuciyar ƙwayar zarra. Yana ratsa dutse ya wuce ciki kamar yadda iska ke ratsa zana, kuma shi kansa ɗan ƙaramin maganaɗisu ne. Saboda haka idan aka harbo su da yawa zuwa ga wani abu, duk wanda ya bi ta kusa da ƙwayar da ke da maganaɗisu sai ya ɗan karkace daga hanyarsa. A ɗaya gefen akwai na'urori masu ƙirga inda kowane ya faɗa. Daga wannan ƙirga kwamfuta take zana layi mai tudu da kwari, kuma daga wurin da kowane tudu ya tsaya ake gane yadda cikin abin yake. Cibiyoyin da ake wannan aiki ba su da yawa a duniya, kuma masu nema sun fi lokacin yawa. Malamina ya rubuta takardar neman izini da sunana da nasa. Bayan watanni aka amsa: an ba mu kwana uku a wata cibiya a Turai, shi ba zai samu zuwa ba, ni zan je. Kwana uku, ba ƙari, kuma a kansu digirina ya rataya.

Matsala ɗaya ce ta rage. Niyutiron yana son kaya masu ɗan yawa, ni kuwa gwaje-gwaje sun cinye abin da na ɗebo, saura abin da bai wuce cikin cokalin shayi ba. Sai na buga wa Baba waya, na ce a aiko mini da kuzar raminmu cikin gwangwanin madara guda.

"Ina za a kai ta?" ya tambaya.

"Ƙasar Turawa, Baba. Za a sa ta a wata babbar na'ura a duba cikinta."



"Za su san daga hannun wa ta fito?"

"Za a rubuta, Baba."

"To. Ba ni kwana huɗu."

Na yi mamakin abin da zai sa cika gwangwani ɗaya ya ci kwana huɗu, amma ban tambaya ba. Saƙon ya iso ni a tasha a Kano da safiyar ranar da zan tashi, a cikin kwalba, an ɗinke ta cikin farin ƙyalle da irin ɗinkin Inna, mahaifiyata. Na buɗe na leƙa. Baƙa ce wuluk, tana sheƙi, ƙwayoyinta kamar an zaɓe su ɗaya bayan ɗaya. Na rufe na saka a jaka. Gwajin da kowane yaro a Riruwai zai yi cikin daƙiƙa biyar, ni mai digiri ban yi shi ba.

Ba zan tsaya bayyana muku tafiyar ba, ko sanyin ƙasar, ko girman ginin. Wadda ke kula da na'urar da aka ba ni wata dattijuwa ce mai farin gashi, gajera, ba ta da yawan murmushi. Ban nemi izininta na ambaci sunanta ba, saboda haka zan kira ta Dattijuwa, kuma zan kawo maganarta da Hausa. Muka zuba kuzar a wani siririn gwangwanin alminiyam, aka saka shi a tsakiyar na'urar, aka rufe ƙofa mai kauri, aka buɗe wa niyutiron hanya. Layin ya fara fitowa a fuskar kwamfuta. Ga manyan tuddan kuza nan, kowane a wurinsa. Abin da muke nema shi ne wani ɗan ƙaramin tudu, alamar maganaɗisu, wanda lissafi ya nuna zai fito a jikin ɗaya daga cikin manyan, kusa ƙwarai da shi. Muka duba wurin. Babu komai.

"Kada ka damu," in ji Dattijuwa. "Babban ne ya rufe shi. Za mu ƙara wa awon kaifi."

Ƙara kaifin awo yana da tsada, amma ba ta kuɗi ba, ta lokaci. A kan hanyar niyutiron akwai wasu faifai masu siraran tsagogi, waɗanda ba sa barin kowane ya wuce sai wanda ya miƙe sak. Idan aka ƙara matse tsagogin, tuddan da ke kan layi sai su sirance, biyun da suka haɗe su rabu, a ga kowane daban. Amma kuma waɗanda ke wucewa sai su ragu ƙwarai, ƙirgar da za a yi cikin sa'a ɗaya ta koma ta sa'a shida. Na tuna da Inna tana tankaɗe: rariya mai ƙananan ido ta fi ba da gari mai laushi, amma takan ci rabin wuni. Muka matse tsagogin, muka jira. Ranar farko ta wuce. Da safiyar rana ta biyu babban tudun ya sirance kamar allura, gefensa kuwa fili ne fetal. Dattijuwa ta sake matsewa, har iyakar abin da na'urar za ta iya. Muka sake jira. Ina zaune ina kallon lambobi suna hawa ɗaya ɗaya, ina ta maimaita lissafina a takarda ko na yi kuskure. Ban yi kuskure a lissafi ba.

Da azahar ta rana ta biyu ta juyo da kujerarta ta dube ni.

"Wannan da ke ciki, shi ne wanda ka gwada a gida?"

"Daga rami ɗaya suke," na ce.

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Ta jawo aljihun teburinta ta ciro wani ɗan maganaɗisu da bai wuce kan babban yatsa ba. Ta ce na kawo ragowar da ke cikin kwalbar Baba. Ta zuba kaɗan a kan farar takarda, ta shafa maganaɗisun a kai, ta ɗaga. Ko ƙwaya ɗaya ba ta bi shi ba. Ta sake shafawa, ta danna shi cikin yashin, ta ɗaga. Tas yake, kamar an wanke. Sai na tuna da ragowar cikin cokalin nan ta farko, wadda na saka a jakata ba don wani dalili ba. Na ciro ta, na zuba a kan takardar. Tun kafin maganaɗisun ya taɓa ta, ƙwayoyin suka yi tsalle suka lulluɓe shi kamar tururuwa a kan sukari.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Kusan kwana biyu cikin uku sun tafi, a na'urar da mutane ke jira shekara kafin su samu, muna neman abin da babu shi a cikin gwangwanin. Na fita waje ba tare da na ɗauki rigar sanyi ba, na buga wa Baba waya. Ban gaishe shi ba. Tun da nake a duniya, wannan ne karo na farko da na fara magana da shi ba gaisuwa.

"Baba, me ka aiko mini?"

"Nasiru? Kun sauka lafiya? Yaya sanyi?"

"Wannan ba kuzar raminmu ba ce! An gwada ta da mayen ƙarfe a gaban Turawa, an ga ba ita ba ce. Jabu ce, Baba! Ka kashe mini aiki, ka kunyata ni a idon duniya!"

Na ji hayaniya a bayansa ta yanke ɗif. A lokacin ban kula ba. Na manta cewa kunnen Baba ya yi nauyi, kuma a kullum sai ya buɗe lasifikar wayar yake jin magana. Ban kuma san cewa a daidai wannan lokaci yana tsaye ne a rumfar Alhaji Mamuda, buhunsa a gabansa, masu wankin kuza sun kewaye wurin suna jiran awo.

"To," ya ce. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, wayar ta katse.

Ban kai ga komawa ciki ba Yaya Sani ya kira ni. Bai ce mini Furofesa ba.

"Kai Nasiru, kana da hankali kuwa? Ka san kwana nawa tsohon nan ya yi a kan kwalbar nan? Kwana huɗu bai je rafi ba! Sau uku ya bi ta da mayen ƙarfe, ƙwaya bayan ƙwaya, wai kayan da za su je ƙasar Turawa da sunansa ba za a samu datti ko ɗaya a ciki ba. Inna ta yi ta yi masa magana a kan idonsa."

"To ai wadda na ɗeba tun farko tana bin mayen ƙarfe, Yaya."

"A ina ka ɗeba?"

"A buhun bayan turken awaki."

Ya yi wata irin dariya marar daɗi.

"Inna lillahi. Buhun shara? Wancan ai abin da Baba ke kaɗewa daga jikin mayen ƙarfe ne. Ya ƙi zubarwa a rafi don kada wani ya wanke ya sayar wa mutane. Ashe shekara biyu sharar gidanmu kake karantawa, ba ka sani ba?"

Na jingina da bango. Wannan ta fi ta farko girgiza ni. Duk abin da na rubuta, duk abin da na faɗa wa malamina da tabbaci, an gina shi ne a kan aikin hannun Baba da ban taɓa tsugunawa na kalla ba. Shi ne ya raba kuzar gida biyu, kowace safiya a zaure, shekara da shekaru, da ƙarfen lasifika da tsumma. Ni na tsinci rabin da ya ware, na ɗauka baiwar ramin ce. Da na nemi ƙari kuwa, ya ba ni mafi kyawun abin da ya sani, ni kuma na kira shi jabu.

"Ba ka ji sauran ba," in ji Yaya Sani, muryarsa ta yi ƙasa. "Wayar tana katsewa, Alhaji Mamuda ya jawo faranti. Ya ce, 'Malam Isiyaku, ka yi haƙuri, kowa ya ji, bari mu ɗan duba.' A gaban kowa aka shimfiɗa kayan Baba. Ba a samu komai ba, amma an shimfiɗa."

Na koma ciki na faɗa wa Dattijuwa gaskiya duka, domin ba ni da ƙarfin tsara wata magana. Na zaci za ta rufe na'urar ta sallame ni. Sai na ga ta jawo layin da muka yi kwana biyu muna tarawa, ta ƙura masa ido, tana bin gefen babban tudun da bakin alƙalami.

"Ka ce da hannu aka tsabtace wannan? Da maganaɗisun lasifika?"

"Haka ne."

"A iyakar kaifin na'urata ban ga ko burbushi ba. Ina da ɗalibai masu injuna da ba sa iya wannan." Ta ajiye alƙalamin. "Saurara. Yanzu mun san ainihin siffar kuza tsantsa, fiye da yadda muka yi niyyar sani. Mu saka 'yar ragowarka a kwanan da ya rage, mu bar tsagogin yadda suke. Sai mu cire layin mahaifinka daga naka. Abin da ya saura, shi ne maganaɗisun."

Haka muka yi. Kayan sun yi kaɗan, ƙirgar ta yi jinkiri, kuma layin da ya fito yana da gargada. Da shi kaɗai ne, babu mai iya rantsuwa cewa akwai wani abu a wurin. Amma da aka cire layin Baba mai santsi daga cikinsa, sai ga ɗan tudun nan ya tsaya shi kaɗai, daidai inda lissafi ya ce. Bai kai abin da na yi mafarkin samu ba, amma ya ishe ni digiri. Dattijuwa ta miƙo mini hannu, abin da ba ta yi ba ranar da na zo. Ni kuwa ban ji daɗin komai ba. Na kira Baba sau shida kafin na baro ƙasar. Yakan ɗauka, ya amsa gaisuwa, ya tambayi sanyi, idan na fara ba da haƙuri sai ya ce, "Sai ka dawo."

Na dawo bayan 'yan kwanaki. Daga Kano na hau mota ta Tudun Wada, muka ratsa daji zuwa Doguwa, na hau acaɓa zuwa Riruwai. Tun a tasha na fara jin maganar ta canza kama. Ɗan acaɓan, wanda bai san ko ni wane ne ba, ya ba ni labarin wani tsoho da ya yi shekaru yana ruɗin mutane har sai da Turawa suka tona shi. Na ce masa ya tsaya, na sauka, na ƙarasa da ƙafa. Na tarar da Baba a zaure, faranti a gabansa. Na durƙusa, na fara magana, ya ɗaga hannu.

"Sha ruwa tukuna. Ka rame."

Na sha. Na faɗi duk abin da ke raina, har da abin da ban shirya faɗa ba. Ya saurara yana shafa ƙarfensa a kan kuza. Da na gama ya ce ya yafe tun ranar, kuma na yarda da shi, domin bai taɓa faɗin abin da ba haka ba. Amma na roƙe shi ya bar ni na bi shi rumfa ranar awo.

Da muka isa, Alhaji Mamuda ya hango ni tun daga nesa.

"A'a, Bature ya sauka! Furofesa, ka zo mana da sikelin Turawan ne, ko namu zai wadatar?"

Aka yi dariya. Na tsuguna na gaishe shi, na gaida dattawan da ke wurin ɗaya bayan ɗaya. Sannan na ciro kwalbar Baba mai ragowar kuzar da ta je Turai, da kuma wani ƙulli da na ɗebo daga buhun bayan turke. Na ari mayen ƙarfen Alhaji na gwada su a gaban kowa, na bayyana abin da ya faru tun daga farko, ban rage laifina ko kaɗan ba.

"Mu dai da kunnenmu muka ji," in ji wani dattijo daga baya. "Ɗan cikinsa ne ya ce jabu."

"Ni na faɗa, Baba, kuma jahilci ne ya sa na faɗa. Ban san aikin gidanmu ba."

"Duk karatun nan?"

"Duk karatun nan."

Alhaji Mamuda ya gyara hularsa. Ya ture farantin gefe da ƙafa, ya nuna sikeli.

"Shi ke nan, magana ta wuce. Malam Isiyaku, ɗora kayanka."

Baba bai ɗora ba. Ya sunkuya, ya jawo farantin da hannunsa, ya kwance bakin buhun ya zazzage.

"Haba Malam, na ce ɗora. Kada ka kunyata ni."

"Ba ka yi laifi ba, Alhaji. Ka ji magana, ka gwada. Gwada yau ma."

"Wallahi ba sai an gwada ba."

"A da ne ba sai an gwada ba," in ji Baba. Ya ɗauki mayen ƙarfen ya saka masa a hannu.

Alhaji ya shafa sau ɗaya, da sauri, kamar mai taɓa wuta, ya ɗaga. Babu komai a jiki. Na tsaya ina kallo, na gane cewa abin da na zo gyarawa ba ya gyaruwa da bayani, ko da kowa ya yarda da bayanin.

A hanyar gida muna tafe shi a gaba ni a baya, buhun da ya zama fanko a kafaɗata. Mun kusa rafi ya rage tafiya har na cim masa.

"Ita waccan na'urar taku, babba ce?"

"Ta fi masallacin unguwarmu girma, Baba."

"Kwana nawa ta yi tana dubawa?"

"Kwana biyu. An matse ta har iyakar kaifinta."

"Ba ta samu komai ba?"

"Ko ƙwaya ɗaya."

Ya ƙara tafiya kaɗan. Sannan ya sauke numfashi.

"To, alhamdu lillahi. Dama a shafa ta uku na ɗan yi shakka. Idona ya fara rauni."

Baba yana nan da ransa, bai kuma san ina rubuta wannan ba. Har yau, duk ranar awo, shi da kansa yake jawo faranti kafin kowa ya ce masa komai. Laƙabin nan ya ɓace. Samarin da suka shigo sana'ar daga baya Malam Isiyaku kawai suka sani. A takardar digirina sunansa ne na farko a shafin godiya, amma babu mai karanta ta a rumfar Alhaji Mamuda. Ni kuwa duk lokacin da na je gida, da safe nakan tsuguna a zaure kusa da farantin, kuma yanzu ba ya janye mini hannu.

Saboda haka, Hauwa'u, ranar da wani zai ce miki an taɓa gwada kuzar kakanki a ƙasar Turawa, kada ki musa, domin an gwada. Ki ce masa ubanki yana wurin, yana zaune yana kallo kwana biyu cur. Ki ce masa an nema da dukan kaifin da na'urar take da shi, ba a samu komai ba.